Tukunyar Malamin Dakta

Akwai ranar da har gobe ban manta da ita ba a aikin girki, ranar da na dafa wa Bayahude abinci. Ku da kuka shigo aikin nan a baya, ku saurara. Ban yi boko ba, amma daga unguwar Ka'akiyya zuwa Arfa babu wanda ya taɓa dawo mini da kwano da saura.

Lokacin ina girki a unguwar Shisha a nan Makka, gidan Dakta Basiru, malami a jami'a. A nan aka haife shi, kakansa ne ya zo Hajji daga Sakkwato ya zauna. Bayan aikin Hajji na wata shekara, ya same ni a kicin ya ce, "Hajja Kande, malamina zai zo taro Jidda. Ina so ya ci abincin gidana."

Ya ba ni labarinsa. Ɗan tela ne a ƙasar Turawa. Ya fara da koyar da ilimin ruwa, ya zama farfesa, wato malamin malamai. Aka ba shi shugabancin sashe, daga baya jami'ar gaba ɗaya, mai ɗauka da sallama. Da wa'adinsa ya cika bai nemi wata kujera ba, ya koma aji. Shi ya riƙe Dakta har ya gama karatu, kuma a teburinsa Dakta ya yi ta cin abinci, bai taɓa ramawa ba.

"To ya zo mana," na ce.

"Ba Musulmi ba ne, Hajja. Bayahude ne, ba zai shiga Makka ba."

Sai aka kama istiraha, gidan hutu na haya, a hanyar Jidda bayan iyakar Harami. Ni kuma ba ni da igama, takardar zama, ba zan bi ta shingen bincike ba. Don haka a Shisha zan dafa, direba ya kai.

Dakta ya jera mini ƙa'idodin mutumin. Ba ya cin nama sai yankan mutanensu, har romonsa. Kifi sai mai ɓawo. Tukunya da ludayi sababbi, waɗanda nama bai taɓa shiga ba. Na ce, "Tukwanena ne ke da datti?" Ya ce, "Addininsa ne, Hajja. Ke za ki ci a tukunyar da aka dafa alade?" Na ce a sayo sababbin. Uwargidansa ta so a sayo na otal a rufe cikin leda, Dakta ya ce wannan ba cin gidansa ba ne.

Ranar, na ɗora shinkafa da miyar kifi a sabuwar tukunya. Na juya zan wanke zogale, Uwani abokiyar aikina ta wuce ta jefa dunƙulen magi mai ɗanɗanon kaza, yadda hannunta ya saba kullum. Na ga takardar a ƙasa.

"Uwani, me kika sa?"

Ta dafe ƙirji. "Wayyo! To Yaya, wa ya gani? Abu kamar ƙwayar gyaɗa. Farfesan hanci gare shi kamar kyanwa?"

"Ni na gani."

"Halas, shi ke nan, ki rufe tukunya. Direba na ƙasa yana ta hon."

Na sauke miyar na ce a ci a gida. Tukunyar ma ta tashi daga sabuwa. Na tura direba kasuwa ya sayo wata, da wani kifin. Ana cikin haka Dakta ya bugo, murya sama. "Hajja, baƙo ya zauna, dabino kawai ke gabansa! Kunya za ki ba ni gaban malamina?"

Na ce, "Faɗa masa abin da ya faru, kar ka rage komai. In yana son na farko, ga shi nan da zafinsa."

Na ji suna magana da Turanci, sai dariyar tsoho. Dakta ya dawo, muryarsa ta sauka. "Ya ce zai jira. Yana so ya ga mai girkin."

Aka kunna hoton waya. Ɗan tsamurmurin tsoho ne mai ƙaramar hula a tsakar kai. Na ce wa Dakta, "Tambaye shi, shugaban jami'a guda, ba shi da takardar shigowa?" Ya amsa, Dakta ya fassara: "Ya ce an gaya masa ke ma ba ki da ta fitowa." Na ce, "To kowa ya zauna inda Allah ya ajiye shi, abinci na tafe."

Sai bayan La'asar abincin ya isa. Da Dakta ya dawo ya ce tun saukar tsohon ƙasar nan 'ya'yan itace da abincin gwangwani yake ci, ranar ce ya fara sa dafaffe a baki, har ya nemi ƙari. Tsohon ya ce masa ba zai iya bincika kicin ɗin kowa ba, amma wadda ta sauke tukunya a kan abin da ba zai taɓa ganewa ba, zai ci daga hannunta.

Ban sake jin muryarsa ba, kuma ban koma yi wa wani irinsa girki ba. Abin da na ɗauka a ranar shi ne, mai cin abincinku ba ya ganin abin da kuka zuba, kalmarku yake haɗiya. Ko wane ne shi, ku tambayi abin da ba ya ci, in kuma hannu ya kuskure, ku faɗa kafin a ɗauki cokali.