Rakiatu, Amsar Ajara Ta Iso

Ranar Litinin takwas ga watan Yuni na wannan shekara ta 1970, ana kiran sallar azahar a Zongon Kumasi, Allah ya karɓi abinsa. Rakiatu mai kitso, matar Malam Buraima makanike a Suame Magazine, unguwar masu gyaran mota, wadda ta daɗe tana rubuta mana labarai, ta rasu bayan ciwon ƙirjin da ya jima yana cin ta. Daga Allah muke, kuma gare shi za mu koma.

Rakiatu, ni ce Safiatu, mai karanta miki. Mutane suna ta cewa in yi haƙuri, kuma ina yi. Amma har yau idan Juma'a ta zo, da na idar da la'asar sai in ga na ɗauki mayafi na nufi ƙofa, sai a bakin titi nake tunawa. Ina kewarki, ba zan ɓoye ba.

Wanda bai san ki ba zai ce mai kitso ce kawai. Ai a nan kika samo komai. Mace za ta ɗora kanta a cinyarki, kafin ki gama tsaga ta gama faɗa miki abin da ba ta taɓa faɗa wa uwarta ba: maigidan hayar da ya watsar mata da kaya, shugaban 'yan kasuwar da ya ƙwace mata rumfa, babban mutumin da ya ɓata mata 'ya ya kuma hana a yi magana. Sai ki sayo littafin 'yan makaranta a kantunan Adum, ki zauna ki rubuta da ajami, ki canja sunaye, ki canja unguwa. Da yake ƙirjinki ba ya barin ki doguwar magana, ni nake tsayawa in karanta wa mata a tsakar gidanki, ke kina gefe kina kallon fuskokinsu.

Kuma kin iya mugunta, Allah ya gafarta miki. Daidai inda azzalumi ya sa hannu zai buɗe ƙofar da shaida take ɓoye a bayanta, nan rubutunki yake ƙarewa. Mata su yi ta ihu, wata ta ce wallahi ba za ta tashi ba sai an faɗa mata. Ke kuma ki ce, "Ku je ku ɗora tukunya, Juma'a ba ta gudu."

Akwai ƙa'ida ɗaya da ba ki taɓa karyawa ba. Ba ke kike yanke wa azzalumi hukunci ba. Idan labari ya kusa ƙarewa, sai ki kira matar da aka zalunta a ɓoye, ki tambaye ta, "Me kike so a yi masa?" Abin da ta faɗa shi za ki rubuta. Na taɓa ce miki ke da kika fi kowa dabara, me ya sa ba za ki zaɓa da kanki ba? Kika ce an riga an ƙwace mata komai, ba za ki zo ki ƙwace mata wannan ma ba.

Na tuna Alima mai sayar da kenke, dafaffen ƙullun masara, wadda maigidan haya ya kora da ruwan sama. Da kika tambaye ta, ba ta nemi kurkuku ba. Cewa ta yi tana so ya faɗa cikin kwata ranar Sallah, da babbar rigarsa, a gaban jama'a. Kika yi ta jan mutumin nan mako bayan mako, kina matso da shi kusa da kwatar kina janye shi, har muka ƙosa. Ranar da ya faɗa, Alima ta yi dariya har ta koma kuka, kuma daga ranar ta daina tafiya kanta a ƙasa. Da wasu manya suka aiko a ce ki daina, ba ki ɗaga murya ba. Kika ce da ɗan aiken, "Ka gaishe su. Ban kira sunan kowa ba. Wane ne ya amsa?"

Sai labarin Ajara. Kowa a Zongo ya san Ajara, mai sayar da waake, wato shinkafa da wake, a bakin tasha, wadda mijinta ya mutu ya bar mata gida mai ɗaki huɗu da bishiyar lemo a tsakiya. Kowa kuma ya san wani mai loroci, manyan motocin kaya, ya sa wa gidan ido, ya yi lallashi ya yi barazana, ta ƙi. Bara da damina kika fara rubuta labarinta. Kika kira ta Habsa, shi kuma kika kira shi Mai Zobe. Muna tsakiyar labarin, dokar korar baƙi ta fito. Ajara a nan Kumasi aka haife ta, a nan aka binne cibiyarta, harshen Asante take ji kamar 'yar gari, amma mahaifinta mutumin Nijar ne kuma ba ta da takarda. Mai lorocin ya san haka. Shi ya nuna wa hukuma ƙofarta.

Ban manta ranar da aka loda su ba. Kika bi ni zuwa tasha kina tari, kina dafa bango. Lori cike da mutane da tabarmi da tukwane, yara suna kuka. Kika kama ƙarfen motar kika ce, "Ajara, ba ki faɗa mini ba. Me za a yi masa?" Ta dube ki, ta ce yanzu ba ta iya tunani, za ta aiko miki. Motar ta tashi.

Daga nan kika ajiye alƙalami. Mun bar Habsa a tsaye a ƙofar kotu, Mai Zobe yana saukowa daga motarsa, kuma a nan ta tsaya watanni. Mata suka roƙe ki, ni ma na roƙe ki, har na yi fushi na ce wa ya san ko Ajara tana raye. Kika ce to sai a jira. Duk direban goron da zai yi arewa sai kin aika masa da saƙo, duk wanda ya dawo sai kin sa Malam Buraima ya tare shi a Magazine ya tambaya. Ko a kwanakin ƙarshe, da numfashi ya yi miki wuya, da na shigo abin da idonki yake tambaya ke nan.

Rakiatu, amsar ta iso. Ranar sadakar bakwai ɗinki, muna zaune, Sumana direba ya yi sallama da ƙurar hanya a jikinsa. Bai ji rasuwar ba sai a bakin ƙofa. Ya tsuguna ya yi ta'aziyya. Ya ce ya ga Ajara a wani ƙauye bayan Dosso, tana sayar da ƙosai, ta rame paa, sai ƙashi. Ya ce, "Ajara ya ce in gaya ma Mma Rakiatu, kar a kashe mutumin, kar a ɗaure shi, shi bai dame ta ba kuma. A mayar da ita gida kawai. A sa ta share tsakar gidanta, ta tsinki lemonta, ta ji kiran sallar Zongo. Ko a takarda ne."

Ni ban iya rubutu irin naki ba, kin sani. Amma Juma'ar da ta wuce matan suka taru, na tsaya inda na saba tsayawa, na riƙe littafinki a shafin da kika tsaya, na ci gaba da ka. Na shigar da Habsa kotu, na fito da ita. Na ba ta makullinta, na sa tsintsiya a hannunta. Babu wadda ta yi ihu, babu wadda ta tafa. Gidan na gaske har yanzu yana hannun mai lorocin, na wuce ta wurin jiya, ya sare lemon. Amma na ba Sumana saƙo ya kai wa Ajara, kuma na ce ya ce daga gare ki ne: an mayar da ita.

Ina miƙa ta'aziyya ga Malam Buraima, wanda bai taɓa hana ki ba ko da aka yi masa gori a kanki, da 'ya'yanki Kassim da Mamuna, da matan Zongo, waɗanda suke nan da waɗanda aka watsa. Allah ya ba mu haƙuri. Allah ya jiƙan ki, Rakiatu, ya yafe kurakuranki, ya haskaka kabarinki, ya sa jiran da kika yi wa baiwar Allah ya zama nauyi a mizaninki. Allah ya mayar da Ajara Zongo da ƙafafunta. Ke kuma ya saukar da ke a gidan da babu mai nuna ƙofarsa. Amin.