Babban Yatsan Baffa

Jiya a kasuwar garin Malam Madori na kifa buta ina shafa gindinta, mai kayan ya ce, "Malam, ai gaban ake dubawa." Sai marigayi Baffa, ƙanin mahaifina, ya faɗo mini a rai.

Shekarar da muka tayar da motar a-kori-kurar mahaifina, wadda ta tsufa a jigilar bandar kifi daga Kirikasamma, na sayo mata sabon hannun ƙofa mai ƙyalli, na jefa tsohon cikin tarkace. Baffa, da ya ƙare rayuwarsa a kanikanci, ko kallon ƙyallin bai yi ba. Ya juya shi, ya bi bayansa da babban yatsa, kaifin ƙarfen ya yanke shi.

"Je ka tono na da," in ji shi.

Na tono ina ƙunƙuni. Ya yi tsatsa, ga ƙaurin banda, amma bayansa sumul, da ɗan hatimin masana'anta.

"Mai jabu gaban yake gyarawa, ɗana. Na asali, har inda ido ba ya kaiwa an goge."

Wannan hannun nake ja kowace safiya. Allah ya jiƙan Baffa, ya sa ayyukan da ya yi inda ba mai gani su fi nauyi a mizaninsa.