Bunsurun da Ba a Yanka Ba

Warin bunsuru ba ya fita daga tufa. Ka wanke da sabulu, ka shanya a rana, yana nan. Yanzu haka da nake maka wannan rubutu akwai wani ɗaure a bayan ɗakina a Dutse, baƙi wuluk, yana cin dusata yana hana maƙwabta sakat da wari. Wata bakwai ke nan. Na kasa yanka shi, na kasa sayarwa. Ni direban adaidaita ne, a aji huɗu na bar makaranta, ban iya tsara zance ba. Zan faɗa maka yadda abin yake, in ka ga dama ka yi dariya.

Ƙauyenmu gidaje kaɗan ne tsakanin Jahun da Miga. Da na buɗe ido ba Musulmi ba ne mu, ba kuma Kirista ba. Maguzawa ake ce mana. A bayan gidanmu akwai tsamiya, a gindinta akwai wani dutse da tsohon jini ya mai da shi baƙi. Kowace shekara, in bazara ta yi ƙarfi har ƙasa tana ƙona tafin ƙafa, kafin ruwan shuka, Kaka, mahaifin Babana, yakan yanka baƙin bunsuru a kan dutsen nan. Na iskokin gida ne, don su bar mana yara da gero. Tun yana ƙarami ake ware shi, a ɗaura masa jan ƙyalle a wuya. Daga ranar ba a sayar da shi, ba a dukansa ko da a rumbu aka kama shi. Kuma yankan ba ya karɓuwa sai babban ɗan gida ne ya danne ƙafafun.

Kiwonsa a hannun babban jika yake, wato ni. Ranar da Kaka ya miƙa mini igiyar ya ce, “Kada ka saba da shi. Ba naka ba ne.” Shekarata tara. Na saba da shi. Ina tsinko masa ganyen gawo, yana bina har rijiya, in na zauna ya ɗora haɓarsa a gwiwata.

Baba kuwa ya shekara biyu da karɓar bishara. Wani mai wa'azi ne yake zuwa a keke, suna taruwa a rumfar kara su bakwai ko takwas ranar Lahadi. An yi wa Baba baftisma a kududdufi, amma bai fasa danne wa Kaka bunsuru ba. Sai dai ya kau da kai, kuma ba ya cin naman. Shekarar da nake ba ka labari, ranar yanka ta faɗo a makon Ista, bikin tashin Yesu. Ana gobe za a yi, na sami Baba yana gyaran ƙotar fartanya. Na ce, “Baba, kada ka bari a yanka shi.” Ina kuka, majina har baki. Ya ci gaba da gyaran ƙotarsa.

Da safe Kaka ya wasa wuƙa, ya zuba giya a kan dutsen, ya kira Baba. Baba ya zo ya durƙusa kamar yadda ya saba, amma hannunsa na baya.

Ya ce, “Baba, a mai da wuƙar. An riga an yi yankan.”

Kaka ya ce, “Wa ya yi? A kan wane dutse?”

Baba ya yi masa bayani a hankali, kansa a ƙasa. Ya ce Yesu Almasihu ya ba da kansa sau ɗaya saboda kowa, jininsa ya isa, babu sauran abin da ake jira daga akuya ko zakara. Ya ce an binne shi, a rana ta uku ya tashi, mutuwa ba ta da sauran iko a kanmu.

Kaka ya dube shi. Ya ce, “Tun ba a haife ka ba nake yanka, ban taɓa ganin wanda ya tashi ba. Naka dai ba a ƙarasa shi da kyau ba ne.” Ƙannen Baba suka yi dariya. Shi Kaka bai yi ba. Ya goge wuƙar da ba ta taɓa komai ba, ya ce, “'Ya'yanka ne,” ya shige gida.

Ni kam ranar har tsalle na yi.

Ruwa ya sauka a kan kari. Gero ya yi kyau irin wanda aka daɗe ba a gani ba, 'yan rumfar kara suna ta waƙa. Sai tsakiyar damina, lokacin marka, da kayan jiki ba sa bushewa kuma ko'ina warin rima. Zazzaɓi ya kama ƙanwata. Shekararta huɗu, ita ce mai bin ni da bunsurun tana jan bindinsa. Kwana biyu, a na uku ta fara jijjiga. Baba ya goya ta da zanin Inna, ya hau keke zuwa Jahun. Ruwa ya cinye hanya. Da la'asar ya dawo yana tura keken, tana nan a bayansa, ƙafafunta suna reto.

A bakin kabari mata suna kururuwa, Baba ya tsaya da jiƙaƙƙen wando ya ce, “Ajiya muka yi, ba zubarwa ba. Ranar tashi za a ba mu ita.” Muryarsa ko rawa ba ta yi ba. Na tsane shi saboda wannan murya, na daɗe ina tsanarsa.

Kaka bai taɓa cewa ai na faɗa ba. Da ma ya faɗa. Abin da ya yi shi ne, kwana uku bayan binnewa, ya same ni a zaure, ya nuna bunsurun da haɓa, ya ce, “Tashi ka ba ƙanenka ruwa.”

Shekara tara dabbar nan ta ƙara a gidanmu. Kaka ya ce iskoki sun karɓi abin da suke so, ba sa bukatarsa. Baba ba zai yanka ba, kada a ce ya tuba ya koma tsafi. Ba mai saye, kowa ya ga jan ƙyallen. Inna in ta wuce shi sai ta tofar da yawu. Yana yawo a tsakar gida, yana ƙiba, yana wari, yana bina kamar da, ni kuma ina gudunsa. Kaka ya mutu ya bar shi. Haƙoransa suka zube. Da ya mutu ni na ja shi daji da hannuna, na bar wa ungulu.

Sau ɗaya na tambayi Baba, yana kwance a ciwonsa na ƙarshe. Na ce, “Da ban roƙe ka ba ranar nan fa?” Ya buɗe ido ya ce, “Kai har ka isa? Ba don kai na yi ba. Kayan da aka riga aka ɗauke maka kake ta dako shekara da shekaru.” Ya mutu da saninsa. Ni aka bari da nawa kayan.

Ina zuwa coci. Duk Ista ina tsayawa a yi ta shelar ya tashi, ina amsawa da kowa. Amma daminar da ta wuce, autata, ita ma shekara huɗu, ta fara jijjiga a gadon asibiti. Na bar uwarta a wurin, na shiga kasuwa na sayi baƙin bunsuru, na yage jan tsumman da nake goge gilashi na ɗaura masa, na cusa shi a adaidaita, na kama hanyar ƙauye.

Babu gidanmu. An sare tsamiyar. Gonar ta koma hannun wani dattijo Bafulatani, ya gan ni da wuƙa ya ce, “Malam, lafiya dai?” Na ce masa ziyara na zo. Dutsen yana nan a kan iyaka, ruwa ya wanke shi fes. Na ka da bunsurun, na danne da gwiwa, na ɗora wuƙar. Babu babban ɗa mai dannewa, babu Kaka, babu kowa. In na yanka, na yarda ke nan ni da Baba muka kashe ƙanwata. In ban yanka ba, ka san abin da nake tsoro. Gwiwata tana jin bugun zuciyarsa.

Ban san daɗewar da na yi ba. Na dai ji na ce da ƙarfi, “Yesu, in gaskiya ne ka gama, to ga ta can a asibiti.” Na mai da wuƙar, na ɗora bunsurun a adaidaita, na juyo Dutse ban san abin da zan tarar ba.

Ta tashi. Likita ya ce allura ce, uwarta ta ce addu'a ce. Ni ban sa baki ba, don ƙanwata ma an yi mata addu'a.

Yanzu yaran cocinmu ba su san me ake nufi da jan ƙyalle a wuyan akuya ba. A wurinsu gamammen ceto waƙa ce mai daɗin amshi. Ba su taɓa ganin wanda ya ajiye wuƙa ya jira abin da zai biyo baya ba. Maƙwabcina kullum sai ya tsokane ni, “Maigida, in ba ka iya yanka ba kawo shi, mu mun iya.” Matata ta ce a ci da Kirsimati, ya wuce. Yanzu ta ce Ista.

Jiya da hantsi na fito na tarar da autar tana ba shi ɓawon wake a tafin hannunta, ya ɗora haɓa a gwiwarta. Ta ɗago ta ce, “Baba, kada ka yanka shi.”

Na tsuguna na kama kafaɗunta, har ta tsorata. Na ce, “Ba za a yanka ba. Amma ba don ke ba ne. Kin ji ni da kyau? Duk abin da ya faru, ba don ke ba ne.”