Matar da Aka Zana a Katangar Gidanmu

A shekarata ta uku a Manchester ina zaune a unguwar Longsight, a gidan ƙarshen layi, na kama ɗaki ɗaya a ƙasa. Digiri na uku nake yi a kan tsabtar ruwan sha, maigidana da yaranmu biyu suna Zariya. Gidan yana da ɗan fili a baya inda muke shanya, an kewaye shi da katangar jan bulo, gefe ɗaya na katangar yana kallon titi. Ban taɓa tsayawa na dube ta ba sai wata ranar Talata da safe.

Na fito zan kama bas a Stockport Road, sai na ga mutane kusan goma a bakin layi, kowa ya ɗaga waya. Na ɗauka hatsari aka yi. Da na zagayo sai na ga abin da suke ɗauka. An zana mace a jikin katangar, ta fi ni tsayi, da hijabi ruwan goro da farin takalmi mai jar igiya. Ledar cefanen da ke hannunta ta fashe, lemu yana zubowa, an yi wa lemun launi mai ƙyalli har yana ɗaukar ido.

Ni ce. Makonni biyu kafin nan leda ta fashe mini a daidai wurin ina dawowa daga kasuwa, na durƙusa cikin yayyafi ina tsintar lemu. A lokacin ban ga kowa a titin ba. Ashe akwai wanda ya tsaya yana kallona, har ya san launin igiyar takalmina.

Wata Baturiya mai riƙe da kare ta dube ni, ta dubi katangar, ta ce da ƙarfi, “Kai! Ai ke ce!”

Duk wayoyin suka juyo kaina. Ban san lokacin da na koma gida na murza makulli ba. Ranar ban je jami'a ba. Na zauna a bakin gado da jakata a kafaɗa har azahar, ina jin muryoyi ta taga.

Mai gidan wani dattijo ne ɗan Pakistan, kowa a layin Uncle yake ce masa. Da la'asar ya zo yana ta murmushi. Shi ya yi mini bayani cewa mai zanen sananne ne, ba ya nuna fuskarsa, sai dai a wayi gari a ga aikinsa a bango. Ya ce akwai attajirai masu tara irin waɗannan zane-zane, suna rububinsu, har bango sukutum ake yankewa a kai musu.

Na ce, “Uncle, don Allah ka sa a shafe shi. Ni zan sayi fentin.”

Ya dube ni kamar na ce ya rushe gidan. Ya ce, “'Yata, ai ba sunanki a jiki. Kwana biyu za su gaji.”

Washegari ya sa aka rufe zanen da gilashin roba, aka ɗaure da ƙusoshi.

Ba su gaji ba. Hoton ya bazu a intanet tare da sunan layinmu. Na yi kuskuren karanta abin da mutane ke rubutawa a ƙasa. Wasu suna yabo, wasu suna musu a kan darajarsa, amma akwai waɗanda ba zanen ne a gabansu ba, hijabin ne. Wani ya rubuta cewa ya san layin, kuma ya san irinmu. Na kife wayar. Tun daga ranar na daina saka hijabin nan, na jefa takalmin a ƙasan gado, na koma fita ta ƙofar gaba ina bin doguwar hanya zuwa tashar bas. Idan maigidana ya kira sai in ce komai lafiya, don na san idan ya ji zai ce in tattaro in dawo, ga shi saura wata takwas in gama.

Wata safiya wani mutum mai doguwar kwat ya tare ni a tasha. Ya yi magana a hankali, da ladabi. Ya ce yana aiki da masu sayen zane, yana so in tsaya kusa da katangar a ɗauke ni hoto, wai idan aka ga matar da ranta aikin zai ƙara daraja.

Na ce, “Ba ni ba ce.”

Ya yi murmushi ya ce, “Jiya ma na gan ki, bas ɗin takwas da kwata kika shiga.”

Na hau bas ɗin da ya fara zuwa ba tare da na duba inda za shi ba. Sai da muka yi nisa na sauka, na tsaya a gaban wani shago ina duban kowace fuska.

Abin da ya kore ni daga gidan ya faru ne ranar Lahadi da rana tsaka. Sauran 'yan haya duk sun fita, ni kaɗai ce ina dafa shinkafa. Sai na ji ƙarar inji a baya, irin mai yanka bulo, har kofuna suna rawa a kan kanta. Na leƙa ta tagar kicin. Maza biyu ne, ɗaya a waje, ɗaya ya tsallako cikin filinmu, sun rufe hanci da baki, ƙura ta turnuƙe. Na cikin ya ɗago muka haɗa ido. Ya nufo ƙofar baya ya buga.

“Mai gida ne ya aiko mu. Buɗe mu jona wuta.”

Na ja da baya, na shige ƙarƙashin matattakala inda ake ajiye tsintsiya, na kira Uncle. Ya ce shi bai aiko kowa ba, kada in buɗe, ga shi nan zuwa, zai kira 'yan sanda. Mutumin ya ci gaba da bugawa, sannan na ji yana murɗa hannun ƙofar. Ƙofar katako ce mai gilashi, na san ƙafa ɗaya ta ishe ta. Ina ta karanta duk addu'ar da ta zo bakina, ina farawa ina mantawa ina sake farawa. Shinkafar ta ƙone, hayaƙi ya sa ƙararrawar gobara ta kama ihu. Ina jin wannan ihun ne ya firgita su, don kafin Uncle ya iso sun zuba kayansu a mota sun gudu. Sun bar tsaga mai tsawon hannu a gefen zanen.

A ranar na haɗa kaya na hau jirgin ƙasa zuwa Birmingham, wurin 'yar yayan babana da ke unguwar Erdington. Ma'aikaciyar jinya ce, ta fi shekara ashirin a Ingila, Yaya nake ce mata. Ta saurare ni har ƙarshe ba ta katse ni ba, sannan ta ce, “Shi ne kika yi wata guda kina haɗiye wannan ke kaɗai? Allah ya shirye ki. Tashi ki ci abinci.”

Ina can Uncle ya kira ya ce ya sayar da katangar, an zo da manyan injuna an ɗauke. Bayan makonni Yaya ta dawo daga aiki ta nuna mini waya. An kawo zanen wani gidan nuna zane-zane a tsakiyar Birmingham, tare da ayyukan wasu masu zanen titi. Har nan ya biyo ni.

Ta ce, “Gobe za mu je.”

“Yaya, don Allah a'a.”

“Ke aka zana ko ni? Za mu je. Ina gefenki.”

Wurin fari ne fat, ba hayaniya, mutane suna takawa a hankali. Ga manyan hotuna masu launin alewa, ga ƙofar gareji da aka ciro daga wani wuri. Katangarmu tana can ƙarshe cikin firam na ƙarfe, fitila tana haska ta, har da koren gansakukan da ke ƙasanta ba su kankare ba. Wannan ne karo na farko da na tsaya na dubi fuskar sosai. Dariya take yi. Ni kuwa ranar da ledar ta fashe kuka ya kusa ƙwace mini, don a ranar ɗana ya kwanta asibiti a Zariya, ni ina Ingila.

A ɗan katin da ke gefe an rubuta sunan layinmu. Yaya ta nemi mai kula da wurin, wata mace mai gajeren gashi. Da ta gane ni sai fuskarta ta washe, ta ce mai zanen karramawa yake nufi, yana son nuna matan da ba a lura da su.

Na ce, “Bai tambaye ni ba. An bi ni har tashar bas. An murɗa ƙofata ina ciki ni kaɗai.”

Wani mutum a bayanmu ya fara ɗaga waya, Yaya ta juya ta tsaya a gabansa ta ce, “Sauke.” Ya sauke. Mai kula da wurin ta ba ni haƙuri, ta cire katin da hannunta, ta ce za ta isar wa mai zanen da saƙona. Ban sani ba ko ta isar, ban taɓa jin komai daga gare shi ba.

Ban koma Longsight da zama ba. Yaya ta raka ni muka kwashe kayana, na samu gidan haya a hawa na uku a Cheetham Hill, wata unguwar Manchester, tare da wata ɗaliba 'yar Sakkwato, a nan na ƙarasa rubutun digirina. Na daɗe ina waiwaye idan ina tafiya. Maigidana sai da na sauka Kano, muna cikin mota a hanyar Zariya, na ba shi labarin tun daga farko. Ya gangara gefen titi ya kashe motar, sannan ya ce in nuna masa hoton.