Malam Alhusaini da muryar da ta ɓace a cikin DLL

Malam Alhusaini ya rasu.

Ina ɗaura ɗankwali zan fita biro, wurin aikina, da safen nan wayata ta yi ƙara. Ɗiyarsa Amina ce. Ko sallama ba ta yi ba, ta ce, "Yaya Rahamu, Baba ya tafi bayan asuba." Na zauna bakin gado da takalmi ɗaya a ƙafa. Daga Allah muke, gare shi za mu koma.

An kai shi makwancinsa kafin azahar. Yanzu na dawo daga gidan, na kasa cin abinci, na kasa yin shiru kuma.

Da yawanku a nan Agadas kun san shi a matsayin mai gyaran ordinatar, wato kwamfuta, dattijon nan mai tabarau ɗaure da zare. Ni shi ya koya mini rubuta lojisiyel, tsarin umarnin da ke sa ordinatar aiki. Na zo wurinsa ina ƴar shekara ashirin da ƴan kai, da takardar makaranta a hannu da tsoro a ciki. Ranar farko ya juya mini fanka ɗaya tilo da ke ɗakin, shi ya zauna cikin zufa. Ya jawo durowa ya fito da dabinon garin Fashi ya ce, "Ci, ɗiyata. Ciki da yunwa ba ya ganin kuskure."

Bai taɓa kirana da sunana ba sai in na yi laifi.

Akwai rana ɗaya da nake son ba ku labarinta, don duk wanda ya ji ta ya san mutumin.

Shekarar fari ce, wadda sojoji suka karɓi mulki a cikinta. Kori, rafin nan na damina, bai kawo ruwan kirki ba, rijiyoyin garake, wato lambuna, a Dabaga suna ta ja da baya, albasa tana bushewa a tsaye. Ƙungiyar masu garka ta samu alkawarin masu haƙa da za su ƙara wa wasu rijiyoyi zurfi, amma sai an kawo awon kowace rijiya tukuna, a san wadda ta fi matsuwa. In awo bai zo a kan lokaci ba, masu haƙa su wuce wani yanki.

Mu aka ba aikin lojisiyel ɗin awon. Masu garka da yawa ba sa karanta Faransancin da ke kan allo, don haka Malam ya ce na'ura ta yi magana. Kowace tambaya aka ɗauke ta da murya, a Hausa da kuma Tamajak. Ta Tamajak muryar Aghali ce, abokin aikinmu mai fita daji. Ta Hausa kuwa muryar matar Malam ce, Hajiya Zinaba, wadda ta sa muka sake ɗauka sau uku. Ta ce, "Haka ake tambayar mutum zurfin rijiyarsa ba a gaishe shi ba? Ku ba ku da iyaye?"

Dole muka ƙara gaisuwa a farko.

Ga waɗanda ba aikinsu ba ne: in an gama rubuta lojisiyel, akan haɗa shi ya zama dunƙule ɗaya da ake kira DLL. Kamar jakar fata ce da aka ɗinke bakinta. Muryoyin nan duka a cikinta muke zuba su kafin a ɗinke, don kada ɗaya ta salwanta a hanya.

Saura kwana biyu tafiya, tsohuwar ordinatar ɗinmu ta ƙone. Kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke ya dawo da ƙarfi, sai wari. Alhamdu lillahi aikin yana kan kile, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa na'ura. Na zuba shi a sabuwar ordinatar da ƙungiyar ta kawo mana, na haɗa, na kunna.

Na danna Tamajak, Aghali ya yi magana raɗau.

Na danna Hausa. Shiru.

Na sake haɗawa. Shiru. Na duba fishiye, wato fayilolin muryar Hajiya, suna nan dukansu, in na buɗe su ɗaya ɗaya suna magana. Na duba ko an sa musu alamar a zuba su cikin DLL, an sa. Na bi sunayensu harafi harafi da yatsa a kan allo. Ba abin da ya canja.

Malam yana can yana fafutukar takardar izinin tafiya, don lokacin ba a bin hanyar Dabaga sai da ayari da rakiyar sojoji, kuma ranar da aka rubuta maka ita ce ranarka. Ban gaya masa ba. Yini guda na ɓoye. Na ce wirus ne, na wanke kile. Na ce sabuwar na'ura ce ba ta da kyau, na goge komai na sake zubawa. Tsorona ɗaya, kada a ce ni na lalata aikin da hannuna.

Washegari da hantsi ya shigo da takarda a hannu yana murna. Ya dube ni sau ɗaya.

"Rahamu."

Na san an kama ni. Na faɗa masa komai. Na ce, "Malam, na sami dabara. Mu ajiye muryoyin a gefe cikin dosiye, ma'ajiyarsu daban, lojisiyel ya riƙa ɗaukowa daga can. Zai yi aiki."

Ya ce, "Zai yi. Yi shi yanzu, ki sa a kile, ki ajiye. Wannan na gobe ne in mun kasa, rijiya ba za ta jira son saninmu ba." Na yi, ya gwada da kansa, ya sa kilen a aljihun rigarsa. Sannan ya jawo kujera, idonsa yana ƙyalli kamar an ba shi kyauta. "To, muna da daga nan zuwa la'asar. Ni ina son in san dalili. Me ya sa Aghali ya shiga, Hajiya ba ta shiga ba?"

Bai yi mini faɗan ɓoyewar ba. Ko daga baya bai tayar da maganar ba.

Abu na farko, ya sa na duba nauyin DLL ɗin, muka gwada da tsohon da ya rage a kile. Sabon ya fi sauƙi, kusan da rabi.

"Kin gani? Ba wai tana ciki ta ƙi magana ba. Ba ta ciki. Amma kada mu yi zato, mu tambayi jakar da kanta."

Ya sa na rubuta layi uku kacal, wanda zai sa DLL ya lissafo sunan duk abin da ke cikinsa. Sunaye suka fito a jere. Gaisuwa.tmh, tambaya1.tmh, tambaya2.tmh, har ƙasa. Na Tamajak ke nan duka. Ko ɗaya mai .ha, alamar na Hausa, babu.

Na ce, "Sun ɓace, Malam."

Ya ce, "A'a. Na'ura ba ta da wayon sata. In ba ta sa a nan ba, ta sa a wani wuri. Da kika haɗa, me da me ya fito?"

Na buɗe dosiyen da ake zuba abin da aka haɗa. Ga lojisiyel, ga DLL. Ga kuma wani ɗan dosiye a gefe, sunansa harafi biyu: ha.

Na gan shi tun jiya. Sau biyu ma na goge shi, na ɗauka tarkace ne.

Ya ce, "Wa ya yi wannan? Ke?"

"Ba ni ba ce."

"Ni ma ba ni ba ne. To buɗe mu ga baƙon."

A ciki akwai wani ƙaramin DLL. Muka lissafo cikinsa. Ga gaisuwa, ga tambayoyi duka, muryar Hajiya cif, an ma cire musu .ha ɗin daga suna.

Malam ya cire tabarau. Ladan ya kira azahar, ya tafi masallaci. Da ya dawo tun daga ƙofa yake dariya.

"Ɗiyata, na gano! A sujada ta biyu ya zo mini, Allah ya yafe mini. Mu muka sa .ha don mu tuna na Hausa ne. To ashe a tsarin duniya ma ha ita ce alamar harshen Hausa. Tsohuwar na'urarmu ba ta san haka ba, ta ɗauka suna ne kawai, ta zuba a jaka. Wannan sabuwar an koya mata. Da ta ga ha sai ta ce, a'a, wannan fassara ce ta wani harshe, bari in yi mata ɗakinta daban. Lojisiyel ɗinmu kuwa babbar jaka kaɗai ya san ya duba."

Ya bugi tebur. "Kin ji? Na'urar da aka ƙera a wata uwa duniya ta san Hausa harshe ne!"

Aghali yana zaune a ƙofa yana haɗa shayi. Ya ce, "Mu fa?"

Malam ya ce, "Ku ba ta san da ku ba tukuna."

Aghali ya ɗaga buta sama yana zuba, ya ce, "Madalla. Shi ya sa ba ta ware mu ba. A bar mu haka."

Muka yi dariya har na share hawaye, ni da na kwana biyu ban yi murmushi ba.

Gyaran bai kai minti goma ba. Muka canja sunayen, gaisuwa_hausa, tambaya1_hausa, ba ɗigo, ba harafi biyu. Muka gyara inda lojisiyel ke kiran su. Na haɗa. Malam ya hana ni dannawa sai da na sake lissafo cikin DLL na ga sunayen da idona. Sannan na danna.

"Salamu alaikum, ina wuni, ya aiki, ya ƙoƙari?"

Malam ya amsa mata, "Lafiya lau, Hajiya."

Da safe muka bi ayari. A shingen sojoji na bakin gari wani soja ya ce a kunna na'urar ya ga abin da ke ciki. Da ya ji gaisuwa sai ya sauke bindiga gefe ya ce, "Wannan muryar kamar ta gwaggota." Ya ɗaga mana hannu.

A Dabaga akwai wani tsoho mai garka da ya ƙi yarda da mu da farko, ya ce an sha zuwa ana rubuta sunansa ba a dawowa. Aghali ya ajiye masa na'urar a bakin rijiya. Tsohon ya saurari gaisuwar, ya gyara rawani, ya amsa ta har ƙarshe. Sannan ya ce, "Matar nan tana da ladabi. Me take son sani?" Da kansa ya zura igiya.

Ba zan ce mun ceci kowa ba. Awo ya isa kan lokaci, masu haƙa sun zo, wasu rijiyoyin sun sami ruwa. Wasu garake sun riga sun mutu kafin a kai gare su, na ga masu su sun kwashe iyali sun shigo gari. Malam ya daɗe yana ambaton su.

Bayan nan na yi aiki a wurare da dama, na koyar da wasu. Har yau in abu ya ƙi, nakan ji muryarsa: "Me kika gani da idonki, me kuma kike zato?"

Haɗuwarmu ta ƙarshe sati biyu ke nan. Na je duba shi a gida, a tsohon gari. Ya rame ƙwarai. Na tarar da shi jingine da matashi, ya kwance na'urar awon jinin da likita ya ba shi, sukurori a jere cikin faranti. Hajiya ta ce, "Rahamu, yi masa magana. Abin da zai auna shi ne ya buɗe wa ciki."

Ya ce, "To ba sai na san yadda take sanin jinina ba? Iska kawai take hurawa, ta ina take ji?"

Na taya shi mayar da ita. Sukuro ɗaya ya rage, ba mu gano wurinsa ba, ta kuma yi aiki haka nan. Wannan ma sai da ya ba shi mamaki.

Da zan tashi ya ce, "Me ya gagare ki kwanan nan a wurin aiki?" Na ce ba komai, ya huta. Ya ce, "Ƙarya. Faɗi." Sai na gaya masa wata matsala da ke damuna, wani rahoto da ke fita daidai kullum amma ranar Juma'a ya zo a birkice. Ya lumshe ido, ya ɗaga yatsa.

"Juma'a kaɗai? Ikon Allah. Kada ki faɗa mini abin da kike zato. Bar ni da ita, zan kira ki."

Na ce to, Malam. Ya riƙe hannuna kaɗan ya ce in gaida yara.

Amina ta ce jiya da yamma ya nemi takarda da alƙalami. Ta nuna mini ita ɗazu a gidan gaisuwa. Rubutun ya karkace, da ƙyar na karanta. Sunana ne a sama, ƙarƙashinsa tambaya ɗaya: "Wa ke tashi daga aiki da wuri ranar Juma'a?"

Ban san amsar ba tukuna. Gobe in na iya shiga biro zan bincika.

Allah ya jiƙan Malam Alhusaini, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya sa ilimin da ya raba ya zame masa ruwa mai gudana. Allah ya ba Hajiya Zinaba da Amina da sauran iyali haƙurin wannan rashi.

Duk wanda ya karanta har nan, ko ka san shi ko ba ka san shi ba, don Allah ka tsaya ka yi masa addu'a kafin ka wuce.