Mama Rahila, wadda ta raba mini tari da zunubi

Labarin ya iske ni da safen nan ina ɗaura ɗankwali zan tafi makaranta. Mama Rahila ta rasu.

Ɗiyarta Naomi ce ta kira ni. Ta ce, "Anti Hannatu, Mama ta tafi gida." Na ce wane gida kuma, ba a Mafara take kwance ba? Sai ta ce, "Gida wurin Ubangiji." A nan na gane.

Ban je aikin ba. Tun ɗazu nake zaune da waya a hannu, ina rubutawa ina gogewa.

Ga waɗanda ba su san ta ba, Mama Rahila tsohuwar nas ce kuma ungozoma. Ta yi aiki a Bakura shekara da shekaru kafin ta yi ritaya ta zauna a Talata Mafara. Ita ce uwar zumuntar mata a 'yar ƙaramar ikkilisiyarmu. Mu Kirista ba mu da yawa a garin, kowa ya san kowa. Amma Mama ba tamu ce mu kaɗai ba. In ka raka ta kasuwa ranar Talata ka shirya tsayuwa, don ba za ku yi taku goma ba sai wata ta riƙo hannunta: "Inna Nas, ina wuni, ina gajiya, ya mutanen gida? Kin gane ɗiyar ga? Ke kinka karɓi haihuwarta!" Ta daɗe a ƙasar har harshenta ya koma na Zamfarawa.

Lokacin da aka turo ni koyarwa Mafara ban san kowa ba. Ita ta nemo mini ɗaki. Ita ta ba ni tukunyata ta farko da murhun gawayi. In 'yan Bakura suka kawo mata dankali ko shinkafa, sai na ga rabona a bakin ƙofa, ba sallama ba saƙo.

Akwai abin da ban taɓa rubutawa a nan ba. Yau zan rubuta, domin ba zan iya faɗin wace ce Mama ba in na ɓoye shi. Na kira wadda abin ya shafa na nemi izininta, ta ce in rubuta. Zan kira ta Malama Zulai, ko da yake ba sunanta ke nan ba.

A lokacin, ni da Malama Zulai makaranta ɗaya muke koyarwa. Za a naɗa mai kula da ofishin jarrabawa, mu biyu ake dubawa. Ana cikin haka sai tambayoyin wata jarrabawa suka fita hannun ɗalibai. Firinsifal ta kira mu ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo kaina na ce na ga Zulai ta fito daga ofis da takardu a cikin hijabinta.

Ban gani ba. Ƙarya na yi.

Aka ba ni ofishin. Ita kuwa aka yi mata taransifa zuwa wata makarantar ƙauye can wajen Kaya, cikin ƙasar Maradun. Duk wanda ya san yankin ya san yadda hanyar nan take a shekarun nan saboda 'yan bindiga. Zulai tana da goyo a lokacin.

Bayan 'yan watanni na fara tari. Na rame, gumi, zazzaɓi kullum da yamma. Aka yi gwaji aka ce tarin tibi ne. Aka buɗe mini kati, aka ce magani na wata shida, kada in tsallake ko rana ɗaya. Na fara sha, na fara jin sauƙi.

Cikin wata na biyu aka yi taron farkaswa a coci, aka gayyato wani baƙon mai wa'azi daga nesa. Ya ce duk cutar da ta ƙi tafiya, akwai ɓoyayyen zunubin da ya riƙe mata ƙofa. Ya ce mai bangaskiya ta gaske ba ya buƙatar ƙwaya. Ina zaune a benci na baya na ji kamar da ni kaɗai yake magana.

Na koma gida na zuba sauran maganin a masai.

Na shiga azumi. A raina na ce tarin nan bulalar Allah ce saboda Zulai, in na sha wuya sosai zai yafe mini ya ɗauke. Na daina cin Jibin Ubangiji, gurasar da muke ci a coci don tunawa da mutuwar Yesu, don ina ganin ban cancanta ba. Sati uku ba a yi ba tarin ya dawo, wannan karon da jini.

Wata Lahadi bayan sujada sai ga Mama a ɗakina. Ba ta ko zauna ba ta ce, "Ɗiyata, mi ya hana ki cin jibi? Wancan watan ma na ga kin bari ya wuce ki." Na ce ba komai. Ta ce, "To, ba ni katinki na asibiti."

Ta duba katin, ta dube ni. "Ina maganin?"

Na fashe da kuka na gaya mata komai. Ƙaryar, taransifar, wa'azin, masai. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta jawo kujera ta zauna, ta ce, "Hannatu, abu biyu kinka zuba cikin buhu guda. Bari mu zazzage. Tari daban, ƙarya daban."

Ta tuna mini labarin makahon nan da almajirai suka tambayi Yesu ko laifin wa ya sa aka haife shi haka, nasa ko na iyayensa, ya nuna musu ba na kowa ba ne. Ta ce, "Na yi jinyar fastoci masu tarin ga, na yi jinyar limamai. Na kuma san ɓarayi masu ƙoshin lafiya kamar doki. Ƙwayar cuta ba ta tambayar halin mutum kafin ta shiga huhu."

Na ce, "Amma Mama, ai Yesu yana warkarwa."

Ta ce, "Ƙwarai kuwa. Ni za ki gaya wa? A Bakura na ga macen da munka cire rai da ita, munka yi abin da za mu iya ya ƙare, sai addu'a, ta tashi ta nemi kunu. Amma wa ya ba likita basira? Wa ya halicci abin da anka haɗa maganin da shi? Ki roƙi Allah lafiya, ya aiko miki ita cikin ƙwaya, ki zuba a masai, sa'an nan ki ce bai amsa ba?"

Sai ta zo kan ɗayan.

"Ƙaryar kuwa zunubi ce, ba zan shafa miki mai a baki ba. Kin cuci baiwar Allah. Amma ba a wanke zunubi da azabtar da kai. Da tari na biyan zunubi, mi ya kai Yesu bisa gicciye? Jininsa ne ke tsarkakewa, kuma kyauta ne. Ki furta, ki tuba, an wanke ki. Shanyayyen nan da anka ziraro ta rufin ɗaki gaban Yesu, abu biyu Ubangiji ya yi masa, ya gafarta masa, ya kuma tashe shi. Bai yi ciniki da shi ba."

Muka durƙusa nan kan leda na furta laifina da bakina. Da muka ce amin na ji kamar an sauke mini dutsen niƙa daga ƙirji. Ina share hawaye ta ce, "Allah ya yafe miki, wannan kada ki sake shakka. Sai dai Zulai na can Kaya har yanzu."

Washegari da safe ta zo da fasto da dattawan ikkilisiya biyu. Suka shafa mini mai a goshi, man gyaɗa ne na girki ta zubo a murfin kwalba, suka ɗora mini hannu suka yi addu'ar warkarwa. Suna fita ta tsayar da mai mashin, sai asibiti. Ma'aikacin da ke kula da masu tibi ya yi mini faɗa sosai, Mama tana tsaye ba ta tare mini ba. Aka sake gwaji, aka ce sai na faro maganin daga farko.

Tun daga ranar, kowace safiya sai ta zo da fulas ɗin kunun gyaɗa ta tsaya a kaina har in haɗiye. "Buɗe baki in gani." Ni da nake malamar makaranta. Haka na riƙa buɗe baki kamar 'yar firamare.

Da aka tabbatar ba zan ƙara shafa wa kowa ba, ta ce lokacin tafiya Kaya ya yi. Na ce ta zauna, ga ciwon gwiwa, ga hanya ba kyau. Ta ce, "In na bar ki ke ɗai, daga tasha za ki juyo." Gaskiya ta faɗa.

Muka hau bas zuwa Maradun, daga nan mashin. Muka samu Zulai an tashi daga makaranta, tana tsakar gidan da take haya. Ta shimfiɗa mana tabarma, ta kawo ruwa, aka yi gaisuwa mai tsawo ita da Mama. Sai na durƙusa na faɗi abin da ya kawo ni.

Ta ce, "Ai na sani. Tun ranar na san ke ce."

Can ta ce, "Kin san sau nawa na diro daga mashin na shige gonar mutane na ɓuya, da goyo a bayana?" Na duƙar da kai ina jiran Mama ta sa baki. Ta bar ni da abina.

Daga baya Zulai ta ce, "Na yafe miki saboda Allah, don ni ma yafiyarsa nake nema. Amma sunana ba a nan kika ɓata shi ba. Ki koma inda kika ɓata shi ki gyara."

Mama ta ce, "Gaskiyarki, Malama."

Na rubuta takarda na kai wa firinsifal da hannuna. Aka karɓe ofishin, aka ba ni takardar gargaɗi, malamai suka yi ta maganata har suka gaji. Sai da aka kusa shekara kafin a dawo da Zulai cikin garin Maradun, inda ta nema. Ba zan ce mun zama aminai ba. Muna gaisawa da Sallah da Kirsimeti, kuma in ta ga kirana tana ɗagawa.

Na gama magani, gwaji ya nuna na warke. Na ce wa Mama zan ba da shaida a coci. Ta ce, "Ki bayar, amma ki faɗi duka. Kada ki ambaci mai ki manta ƙwaya."

Bara ita ma ciwo ya kama ta, ciwon daji. Aka yi ta kai ta Sakkwato. An shafa mata mai, an yi azumi, zumuntar mata sun yi addu'a har muryoyinsu sun dushe. Maƙwabtanta Musulmi ma sun yi mata tasu. Ta sha duk maganin da aka ba ta. Jiki dai ya ci gaba da tafiya.

Yanzu a Gusau nake aiki. Asabar biyu da suka wuce na je duba ta. Na same ta kwance a inuwar darbejiya, matan unguwa biyu suna ɓarar gyaɗa kusa da ita suna ɗebe mata kewa. Ta rame ƙwarai, amma idonta na nan yadda na san shi.

Da matan suka tashi yin sallah na kasa daurewa. Na ce, "Mama, ni da na yi abin da na yi Allah ya warkar da ni. Ke da kika ƙare rayuwarki kan jinyar mutane, me ya sa bai warkar da ke ba?"

Ta yi 'yar dariya. "Har yanzu ba ki bar lissafin nan ba? Ba lada anka biya ki ba, ni ma ba horo ake mini ba. Na ga ya warkar ta hannun likita, na ga ya warkar ba hannun kowa, na kuma ga ya ce a'a. Roƙonsa nike yi, ba umarni nike ba shi ba. Babbar cutar an riga an raba ni da ita bisa gicciye. Wannan ta jiki, in ya so yau, in ya so sai ranar tashin matattu. Ko ta yaya dai zan warke."

Na so in ƙara zama. Ta dubi rana ta ce, "Tashi ki tafi tun hanya na da mutane. Ni tawa hanyar an riga an share mini ita."

Maganarta ta ƙarshe da ni ke nan.

Naomi ta ce gobe da safe za a yi jana'iza a Mafara. In Allah ya kai mu, da motar farko zan tafi.

Ya Ubangiji Yesu, kai da kake gafarta zunubi kake kuma warkar da cuta, mun gode maka domin baiwarka Rahila. Ta gama aikinta, ka ba ta hutu a wurinka, inda babu ciwo. Ka ta'azantar da Naomi da 'yan'uwanta, da ikkilisiyar Mafara, da dukan matan da ta tsaya a kansu ranar naƙuda. Masu jinya a yau ka taɓa su, masu ɗauke da laifi a zuci ka ba su ƙarfin halin furtawa. Amin.

Don Allah duk wanda ya karanta wannan, Kirista ko Musulmi, ya sa iyalinta cikin addu'a. Ku roƙa wa masu zuwa jana'iza gobe sauka lafiya. Ni ma ku tuna da ni, don yau na zama marainiya a Zamfara.