Muzurun Goggo da Karen Tica

A gidanmu na Limawa an yi wani muzuru ja, launin manja, mai ƙaton kai da ƙaramin tunani. Na Goggo ne, yayar Babanmu, wadda ta baro cikin Yola ta dawo wurinmu a Jimeta bayan rasuwar mijinta. Allah bai ba ta haihuwa ba. Da akwatin ƙarfe ta zo, da wannan muzurun a cikin kwando.

Masu kiwon mage suna cewa jajayen yawanci maza ne, ba su da tsoro, ga son mutane, ga ci. Ban san na wasu ba, amma namu ya cika duka har ya yi gyara. Baƙo zai yi sallama, kafin a kawo masa ruwa muzuru ya haye cinyarsa. Ɓera kuwa ta gabansa yake wucewa, shi kuma ya bi shi da kallo kamar mai jiran gaisuwa. Goggo da Fulatanci take masa hira, domin mu duk Hausa muke yi, har Baba. In ta yi Hausarta mukan ƙunshe dariya, kuma tana ganinmu. Ta ce duk gidan muzurun ne kaɗai ke sauraronta har ta gama magana.

Wata Asabar Baba ya sayo bandar kifi daga bakin kogi saboda baƙi 'yan ofishinsu. Kafin a ɗora tukunya muzuru ya yi wa kifin ziyara, ya bar mana kawuna.

"Adda, ki yi haƙuri," in ji Baba, "amma wannan ɓarawon ya gama zama a gidana."

A wurinmu ba a kashe mage. Buhu ake saka ta a kai ta ƙetaren ruwa, wai in ta haye kogi ba ta gane hanyar gida. Baba da kansa ya ɗaure buhun a bayan babur, ya haye gadar Binuwai, ya dawo yana karkaɗe hannu. Goggo kuwa, tuwonta ya riƙa dawowa daga ɗaki yadda aka kai shi. Ko mako ba a yi ba muka tashi da safe muka tarar da gogan naka kwance a kan kujerar Baba, yana ƙarnin kifi, har ya ƙara ƙiba. Wasu suka ce kwalekwalen masunta ya biyo. Ni na yarda, domin ban ga alamar ya taka da ƙafarsa ba.

A nan maƙwabcinmu ya shigo maganar. Malamin makaranta ne, mutumin wajen Numan, kowa Tica yake ce masa. Shi da Baba aminai ne, naman Sallah ya tafi can, shinkafar Kirsimeti ta zo nan. Yana da wani kare da aka kawo masa daga Jos, dogo, mai shafaffen ciki da siraran ƙafafu, kuma in Tica ya fara zancensa, to shayinka ya huce. Ya ce kowane irin kare da fanninsa: akwai na gadi, akwai na iyo, akwai mai bin sawu da hanci, akwai na mafarautanmu da za su wuni suna sassarfa ba su gaji ba. Nasa kuwa na tsere ne zalla, da ido yake farauta, zomo ma ba ya tsere masa.

"Alhaji," ya ce da Baba, "ba zai cije shi ba. Kora ɗaya zai yi masa, wallahi ba zai ƙara waiwayar Limawa ba."

Kare dai ba zai shiga gidanmu ba, ko don sallah. Saboda haka aka yanke a yi abin a filin ƙwallo na bayan layinmu, bayan la'asar. Goggo ta ce ba mai taɓa mata muzuru, ita za ta kai shi. Ta rungumo shi a mayafi, ta ajiye a tsakiyar fili, ta faɗa masa wani abu a kunne, ta koma gefe ta tsaya. Ranar na ji haushin Baba sosai, har na kasa kallonsa.

Tica ya saki igiya. Kai, gaskiya karen nan ya iya gudu! Ban taɓa ganin abu mai rai ya ci ƙasa haka ba. Kafin a ƙifta ido ya isa. Muzuru ya ɗaga kai ya dube shi, ya yi hamma, ya kwanta rigingine yana jiran a sosa masa ciki.

Kare ya ci birki. Ya zagaya shi, ya sake zagayawa, sannan ya waiwayo ya dubi maigidansa.

"To, Tica?" in ji Baba.

"Ai sai muzurun ya gudu, Alhaji. Irin wannan karen, abin da ke gudu yake bi."

Baba ya tafa hannu, ya buga ƙafa, ya yi ihu. Muzuru ko gezau. Wadda ta tsorata ita ce akuyar wasu mutane da ke kiwo a gefen fili, ta zabura. Shi ke nan, kare ya samu aikinsa. Sai a unguwar Ajiya aka raba su, Tica na biye da takalmi ɗaya a hannu.

Goggo ta zo ta ɗauki kayanta ta naɗe a mayafi. Ta dubi ƙanenta ta ce, "Ka gama?" Baba bai ƙara tayar da zancen ba. Ya sa aka yi wa kifi akwatin ragar waya, ya koyi duba kujera kafin ya zauna.

Goggo ta rasu da damina, bayan 'yan shekaru. Muzurun ya kwanta a ƙofar ɗakinta, aka ba shi kifi ya kau da kai. Da aka watse daga zaman makoki muka neme shi muka rasa. Wanda kogi bai raba da gidan ba, karen tsere bai motsa shi ba, ya fita da ƙafarsa ba wanda ya ce masa ci kanka.

Baba ya je wurin Tica ya tambaye shi ko karensa zai iya bin sawu. Tica ya sunkuyar da kai ya ce, "Alhaji, nawa ba shi da hanci, sai gudu."

Washegari aka aike ni kasuwa. A hanyar dawowa na hango Baba a wani lungu, da guntun banda a hannu, ya durƙusa yana leƙen ƙarƙashin wata tsohuwar mota. Na matso a hankali don kada ya gan ni. Kiran muzurun yake yi, da Fulatancin da ya daɗe da daina yi da yayarsa.